Tsinken Gwaji da Zoɓon Gwaggo Asabe

Jiya da na raba muku tsinken gwajin nan a ofis, na ji abin da ɗaya daga cikinku ta raɗa wa ta kusa da ita. Cewa ta yi ashe dai aikin ke nan, a tsoma tsinke a kofi, in ya yi shuɗi a kama mai kaya, in bai yi ba a ƙara gaba. Gwiwata ce ta tsufa, kunnena yana nan garau. Ban tanka ba ne don ni ma na taɓa yin irin wannan wayon, kuma ba a kaina abin ya ƙare ba, a kan wata baiwar Allah ya ƙare. Shekara talatin da 'yan kai na yi ina aikin duba-gari tsakanin Tudun Wada, Doguwa, Bebeji da Kiru. Saura 'yan watanni in ajiye, shi ya sa na ga gara in rubuta muku wannan ku karanta a tsanake.

A Tudun Wada na fara, a hannun Malam Idi, wani dogon mutum mai ƙarancin magana wanda mahauta ke ɓoye nama in sun hango kekensa. Ranar farko ya kai ni gidan wata mai kunun zaƙi. Ya tsaya a zaure ya ce in shiga in dubo. Na shiga, na leƙa tukunya, na ga kunu fes, na fito na ce lafiya lau. Ya tambaye ni daga ina take ɗebo ruwa. Ban sani ba. Ya tambaye ni a ina take shanya mataci, da me take rufe randa, kaji suna hawa turmi ko ba sa hawa. Ko ɗaya ban duba ba. Sau huɗu ya mayar da ni gidan nan a wuni ɗaya, har matar ta fara ba ni kujera don tausayi. Dalilin ɗaukarmu mata a aikin ke nan, yawancin abin da ake sha a tasha da kasuwa a cikin gida ake yin sa, namiji kuwa iyakarsa zaure.

Kayan aikinmu a lokacin ba su taka kara sun karya ba. Jaka ce ta fata, da kwalabe masu murfi da muke dafawa da kanmu, da salatif, da biro, da littafin rubuta abin da aka gani, sai wata ƙaramar kula da ake nemo wa ƙanƙara in an dace. Sauran aikin na hanci ne da ido. Malam Idi bai cika wa'azi ba, amma akwai abubuwan da ba ya sassautawa a kansu. In za a ɗebi abu don gwaji, kwalba biyu ake cikawa, a liƙe su a gaban mai kaya, a bar masa ɗaya. Gidan da kike dubawa, ko ruwansa kada ki sha. Sai wanda ya fi nanata mini, da yake ni mai saurin ɗaure fuska ce: kada fuskarki ta faɗi abin da ba ki tabbatar ba, don mutane fuskar duba-gari suke karantawa, ba littafinsa ba. Na haddace su duka, na kuma ɗauka haddacewa ita ce iyawa.

Shekarar da nake son ba ku labari, an riga an mayar da ni Kiru, tashar Kwanar Ɗangora ta faɗo cikin rabona. Da kaka abin ya fara, lokacin da masu sayo masara daga Doguwa suke ta kai da kawo. Mutum zai shiga mota, wani mai fara'a ya zauna kusa da shi, a yi ta hirar tsadar taki. In an tsaya a tasha mai fara'ar ya sayo lemo biyu ya miƙa masa ɗaya. A wurinmu kuwa ƙin karɓa cin fuska ne. Sai dai mutum ya farka a gindin bishiya ko a gadon asibiti, ba waya, ba jaka, wani ma har takalmi. Na je na duba biyu daga cikinsu a asibiti, ɗaya ya kwana biyu bai san inda kansa yake ba. Tsoro ya shiga tasha, har masu shayi suka fara ƙorafin ciniki ya ja baya.

Ana cikin haka tsinken ya shigo. Wani mai lasifika ne ya fara zagayawa da shi ranar kasuwa, daga baya kowane kemis ya ajiye. Ɗan siririn kwali ne mai farin tabo a baki, aka ce in an zuba wa abin sha ƙwaya tabon zai koma shuɗi. Direbobi suka yi ca a kai, da 'yan kasuwa, har da iyaye masu tura 'ya'yansu karatu Zariya. Ni ma na yi murna, kada in yi muku ƙarya. Ban tambayi wanda ya gwada shi ba, ko a kan wane irin abin sha aka gwada. Da nama ne ko madarar gwangwani da na juya shi ciki da waje, amma da yake an ce abin kariya ne sai na bar shi ya wuce ta gabana ba tare da ko leƙa fakitinsa ba.

A tashar nan akwai wata mai zoɓo, Gwaggo Asabe. Tana cikin mutanen da ruwan madatsar Tiga ya tashi ƙauyensu, tana 'yar yarinya aka baro can da ita. Mijinta masunci ne, ya daɗe da rasuwa, da zoɓon nan ta raini 'ya'ya biyar. Na tarar da ita a tasha, kuma ba wanda zai gaya muku ranar da ta fara zama a wurin. Ban da tasha, duk sunan da za a yi ko biki a unguwarsu ita ake aika wa ta haɗa abin sha. Gidanta na shiga ya fi a ƙirga. Randarta da farin ƙyalle take rufewa, matacinta a igiya yake ba a kan katanga ba, kulolinta da ruwan zafi take wankewa. In an turo mini sababbin ma'aikata irinku, gidanta nake kai su su ga yadda ake yi.

Wata ranar kasuwa cikin damina, bayan azahar, ruwa ya ɗauke ke nan, ina wajen masu tsire ina faɗa da su a kan ƙuda, sai na ji hayaniya daga layin motocin Doguwa. Da na kutsa na tarar an kifar da kula ɗaya, zoɓo yana gudu cikin taɓo, Gwaggo Asabe tana zaune a ƙasa mayafinta ya zame. Wani direba mai jigilar Riruwai, Sale, ya ɗaga tsinke sama yana nuna wa jama'a, bakin tsinken ya yi shuɗi. Sale ba mugu ba ne. Ƙaninsa yana cikin waɗanda aka bugar aka raba da babur, tun daga ranar ko ruwa ba ya sha sai ya tsoma tsinke. Wasu suna cewa a kira 'yan sanda, wasu suna cewa ba sai an kira ba.

Da suka ga yunifom sai aka dare mini hanya, aka ce ga Malama nan, ita za ta raba gardama. Na ce a ba ni wani tsinken. Sale ya cire hularsa, ya zaro wani daga cikinta ya miƙo mini. Ku lura da wannan, don ni ban lura ba. Na buɗe kula ta biyu wadda ba a taɓa ba, na ɗiba a kofi, na tsoma. Kafin in ƙirga goma ya yi shuɗi. Na dubi tsinken, na dubi Gwaggo Asabe, na gyaɗa kai. Ban ce uffan ba, amma duk wanda ke wurin ya ga kan nan ya motsa.

Na dai yi abin da ya rage. Na ja ta zuwa ofishin sarkin tasha na sa aka rufe ƙofa, na cika kwalba biyu na liƙe, na ba ta ɗaya, na rubuta takardar dakatar da ita daga sayarwa. Na yi ta gaya wa kaina kare ta nake yi, kuma da gaskiya a ciki, don da an bar ta a waje Allah kaɗai ya san inda abin zai tsaya. Amma a zuciyata na riga na yarda da tsinken. Ina miƙa mata takardar ta ɗago ta dube ni.

"Malama," in ji ta, "kin fa san gidana."

Na sa aka fitar da ita ta baya aka ɗora ta a babur zuwa gida.

Washegari da safe a ofis na zazzage jakata, ragowar tsinkayen da na karɓe a hannun Sale suka zubo kan tebur. Sai na ga gefen ɗaya ya soma shuɗi alhali bai taɓa komai ba. Na kuma ga sun yi siranta da yawa, gefensu a karkace kamar da hannu aka yanka. Na ɗebo ruwan randar ofis, wanda muke sha kullum, na tsoma ɗaya. Ya yi shuɗi. Na fasa fiya wata na tsoma wani, shi ma haka. Kunya ta rufe ni.

Ranar ban koma gida ba sai da na bi diddigin tsinken nan tun daga hula har kanti. Ashe kowane ɗaya a liƙe yake zuwa cikin leda mai ƙyalli irin ta ƙwayar magani, don kada iska ko laima ta taɓa shi. To ya yi wa talaka tsada. Masu kemis suka yi masa abin da muke yi wa sabulu da sukari, suka ɓare ledar, suka sa reza suka tsaga shi uku a tsaye, suna ƙunshewa a takardar littafin makaranta suna sayarwa ɗai-ɗai. Direba ya saya ya cusa a hula, inda yake ajiye duk abin da ba ya son ya ɓata, ko ya jefa a aljihu tare da goron da ya naɗe a jiƙaƙƙen tsumma. Gumi daga ciki, damina daga waje, kwana uku tsinke ya lalace. Ba wanda ya yi nufin cuta a cikinsu, haka muka saba sayar da komai.

Na sayi wanda ba a ɓare ba, na sa tabarau na karanta takardar da ke cikin kwalin, rubutu ƙanana kamar ƙwayar gero. Nan na ga sauran. Don giya aka yi shi, irin wadda ake sha a mashaya a ƙasashen da aka ƙera shi, inda ake fakar idon mutum a jefa masa abu a kofi. An rubuta ɓaro-ɓaro cewa kada a dogara da shi a abin sha mai duhun launi, ko mai tsami, ko mai madara, kuma ba hujja ba ne a kan kowa. Ku gaya mini me ya rage a tashar Kwanar Ɗangora in an cire mai launi da mai tsami da mai nono. Ko can wajen Riruwai inda wasu baƙi ke dafa burkutunsu, kaurinsa ya fi ƙarfin tsinken. Wanda ya shigo mana da shi bai karanta ba, masu kemis ba su karanta ba, ni da ake biya albashi don in karanta ban karanta ba.

Kwana biyu bayan haka na yi sallama a gidan Gwaggo Asabe. Ta amsa, ta shimfiɗa mini tabarma, muka gaisa har ƙarshen gaisuwa, gajiya da iyali da ruwan sama. Da, duk da ta san ba na sha, sai ta ajiye mini kofin ruwa. Ranar ba ta ajiye ba. Na roƙe ta ta dafa zoɓo a gabana, ni na kawo kayan. Ba ta tambaye ni dalili ba. Ta tsince, ta wanke sau uku, ta ɗora, ta jefa citta da kanumfari da ɓawon abarba. Da ya dahu ta tace, sannan ta ɗauki 'yar kanwa a bakin yatsa ta jiƙa ta zuba don ta kashe tsamin, kamar yadda mata da yawa suke yi. Na ɓare sabon tsinke na tsoma a wanda na ɗiba kafin kanwa, ya rine ja wur, ba abin da za ka iya karantawa. Na ɓare wani na tsoma a mai kanwa, ya yi wani duhu mai ratsin shuɗi, wanda mai jin tsoro zai rantse shuɗi ne. Ke nan ko da Sale ya kawo sabo fil daga leda, zoɓonta ba zai tsira ba.

Na so in yage takardar dakatarwar a ranar, shugabana ya ce tunda na riga na rubuta sai sakamako ya fito daga ɗakin gwaje-gwaje. Na ɗauki kwalbar da kaina na shiga mota zuwa Kano, ban yarda in ba kowa saƙo ba. Matar da ta karɓa ta ce layi yana da tsawo, sai na yi haƙuri. Kafin in tafi na roƙe ta wata alfarma. Na ce ta ɗauki irin maganin da asibiti ya ce shi aka fi samu a jikin waɗanda aka bugar, ta zuba a fura da nonon da na sayo a bakin ƙofa, mu tsoma sabon tsinke mu gani. Ta zuba, muka tsoma, muka jira. Tabon yana nan fari tas. Wannan ya fi tayar mini da hankali, domin mai tsinke a hula ya daina tsoron baƙo, yana ganin yana da kariya. Ga shi yana kama mai gaskiya, ga shi yana sakin ɓarawo.

Mako biyar aka yi ana jiran sakamakon. Ban zauna ba. Kullum da safe sai in jera kofuna a teburin ofis, kunun aya, lamurje, shayi da madara, ruwan tsamiya, lemon kwalba kala-kala, ina tsomawa ina rubutawa, har abokan aiki suka ce na buɗe rumfar abin sha. Na rubuta rahoto. Shugabana ya ce wannan ba huruminmu ba ne, akwai hukumar da ke sama mai kula da irin waɗannan kaya. Na ce a aika musu, amma tasha tamu ce, kuma ba zan jira amsar wasiƙa ba alhali gobe ana iya kifar da kular wata. Na yi ta sintiri a ƙofarsa har ya gaji ya sa hannu a kira taro. A makonnin nan Gwaggo Asabe tana gida. An yi suna biyu a layinsu, ba a aiko mata ba.

Taron a sakatariya aka yi. Masu kemis sun zo, da sarkin tasha da direbobinsa, da wakilin hakimi, da dillalin da ke kawo kayan daga birni. Ban yi dogon jawabi ba. Na sa aka jawo guga daga rijiyar sakatariya a gaban kowa, na zuba a kofi biyar, na ce duk mai tsinke a hula ko aljihu ya fito da shi ya tsoma da hannunsa. Uku suka yi shuɗi. Wakilin hakimi ya leƙa, ya gyara rawani, ya tambaya ko za a aika 'yan sanda su kamo rijiyar ne. Aka yi dariya, amma Sale yana can baya bai yi ba.

Dillalin ya miƙe ya ce kayansa suna da lambar hukuma, ba na bayan fage ba ne. Na ce ban musa ba, amma an ba da lambar ne ga tsinke cikakke a cikin ledarsa, don abin shan da aka rubuta a takarda, ba a ba wa sulusin tsinke da ya kwana uku a hula ba. Na miƙa masa takardar na ce ya karanta wa jama'a ya fassara. Ya karanta yana gumi. Wani mai kemis ya ce in an hana tsagawa talaka ba zai iya saya ba, laifin wa ke nan in an bugar da shi. Na ce ya gaya wa talakan kada ya karɓi buɗaɗɗen abin sha a hannun wanda bai sani ba, ko da za a ce masa mara kunya, wannan ya fi sulusin tsinke amfani. Kafin la'asar aka tsayar da magana. Ba ɓarewa, ba tsagawa. Mai sayarwa sai ya gaya wa mai saye abin da tsinken ba ya aiki a kansa, a kuma liƙa bayanin da Hausa, boko da ajami, a jikin kanti. Wanda ya yi zargi kada ya sha, ya ajiye kofin ya kira mu. Sarkin tasha ya ƙara nasa, ya ce duk wanda ya sake ɗaga hannu a kan mai sana'a saboda tsinke, motarsa ba za ta ƙara lodi a tasharsa ba.

Tsayar da doka a ɗaki ba wuya. Shekara guda na yi ina bin kantuna da jaka, ina zaƙulo tsagaggun tsinkaye daga ƙarƙashin kwalin alewa da cikin gwangwanin auduga. Suka laƙaba mini Hajiya Reza, suna hango ni sai a fara tari daga kanti zuwa kanti. Ban damu ba. In kun fita aiki aka kawo muku tsinke ana ihu, kafin ku dubi launinsa ku tambayi inda ya kwana, ku nemi ledarsa ku duba ranar lalacewarsa, ku dubi abin da aka tsoma shi a ciki. Sannan ku cika kwalba biyu, fuskarku kuma ta zauna yadda take.

Sakamakon ya fito kamar yadda na sani, ba komai a zoɓon. Na ɗauko takardar da hatiminta na nufi gidan Gwaggo Asabe ina jin kamar na sauke kaya. Na karanta mata, na fassara, na miƙa mata. Ta riƙe ta da hannu biyu, ta juya ta, ta mayar mini.

"Malama, ranar nan ba takarda kika nuna musu ba. Kai kika gyaɗa, kowa ya gani. Wannan kuma wa zai karanta ta?"

Shugabana ya gargaɗe ni, ya ce ma'aikacin hukuma ba ya tsayawa a kasuwa ya ce ya yi kuskure, gobe ba wanda zai ji maganarsa. Na ji, na kuma tafi. Ranar kasuwa na ari lasifikar 'yan kamasho, na hau benci a layin motocin Doguwa da yunifom ɗina.

"Ni ce na gwada zoɓon Gwaggo Asabe a nan wurin," na ce, "kuma ni ce na yi kuskure. Tsinken ne lalatacce. Ba komai a zoɓonta, ba a taɓa samun komai ba. Duk wanda ya kai labarin nan wani wuri, don Allah ya koma ya kai wannan."

An ba ni takardar tuhuma a ofis saboda haka, tana nan a fayil ɗina. Da Gwaggo Asabe ta dawo tasha, Sale ya zo ya tsuguna a gabanta ya cire hula, ta ce ta yafe, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Ni kuma na karya dokar Malam Idi, Allah ya jiƙansa. Duk ranar kasuwa sai in zauna a bencinta in sayi kofi in sha a hankali inda kowa zai gani. Direbobi suka dawo da kaɗan-kaɗan, baƙi dama ba su san an yi ba. Kafin wata kakar tana sayar da kula biyunta kamar da.

Cikin gidaje ne abin ya gagare ni. Labarin farko ya shiga kowane ɗaki da ƙafarsa, na biyun kuwa lasifika ba ta kai shi can ba. Na bi layinsu gida-gida ina bayani. Matan su karɓe ni da fara'a, su ce ai dama sun san sharri ne, wa zai yarda Gwaggo za ta yi haka. In suna ya tashi sai a aika wa wata. Ba wadda za ta ce tana zarginta, kowa dai ba ta son a ce a gidanta aka sha wani abu.

Da 'yata ta haihu na aika wa Gwaggo Asabe na ce ita nake so ta yi zoɓon suna. Na gayyaci matan layinsu da gangan. Ta zo da hantsi da kula biyu a baro, ta yi kwalliyarta, ta gaisa da kowa. Tsakar gida a cike, ana jiran a fara rabawa. Ta buɗe kular farko, ta cika kofi, ta yi bisimilla, ta shanye a tsaye a gaban mata har ta kife kofin. Ta buɗe ta biyu ta sake yin haka. Na matsa kusa da ita na ce a hankali, Gwaggo, nan fa gidana ne, ba wanda ya ce ki yi haka.

"Na sani, Malama," in ji ta. "Hannun ne ya saba."

Sai daga baya masu shayin tasha suka gaya mini tun ranar da ta dawo haka take yi kowace safiya, kula ba ta buɗuwa sai ta fara sha a idon jama'a. Ni da nake zuwa da rana ban taɓa gani ba. Mako mai zuwa zan kai ku tashar da sassafe, ku gaishe ta da ladabi, kada wadda ta tambaye ta komai. Bara likita ya ce tana da ciwon suga, ya hana ta zaƙi. Ta bar shayi, ta bar alewa, ta bar kunun zaƙi. Kofi biyun nan ne ta ce ba za ta iya bari ba.